Yadda Na Ƙwato Hannuna Bayan An Cire Mini Nono

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya jarrabe ni da ciwo, Ya kuma bar mini numfashin da zan ba da labarinsa.

Sunana Balkisu, amma a Illela Balki mai kitso aka fi sani. Na haura shekara ashirin ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno, kan mace a tsakanin gwiwoyina. Mata na zuwa mini daga Amarawa da Kalmalo, wasu har daga Konni suke tsallako iyaka a bayan babur idan biki ya matso. Na faɗi sana'ata ne domin mai karatu ya san matsayin hannun dama a wurina.

Ba zan tsaya kan yadda aka gano ciwon dajin ba. Ƙullutu na ji a nonon dama, aka yi gwaji, aka yi mini ƙarin ruwan nan da ake kira kemo har gashina ya zube kaf. Mai kitso babu gashi, ni da kaina sai da na yi dariya a gaban madubi. Bayan nan aka yi mini aiki a wani asibiti a Sakkwato, aka cire nonon gaba ɗaya, aka haɗa da kaluluwar da ke hammata. Duk wannan an yi mini bayaninsa tun kafin a yi. Abin da ba a zaunar da ni an gaya mini ba shi ne abin da zai sami hannuna daga baya, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Likitan da ya yi mini aiki, Allah Ya saka masa da alheri, hannunsa na da kyau. Ɗinkin bai yi ruwa ba, bai yi wari ba. Amma ranar sallama ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Ana jiran gadon da nake kai, wata ma'aikaciya ta zo da sauri ta miƙo mini takarda mai zanen wata mata tana ɗaga hannu, duk rubutun da Turanci. Ta ce, "Ki riƙa yin wannan a gida." Kafin in buɗe baki ta wuce gado na gaba. Ba ta ce yaushe zan fara ba, ba ta ce sau nawa ba, ba ta ce me zai faru idan ban yi ba. Na ninke takardar na tura cikin jaka, a nan ta ɓace.

Yayata Hajo ce ta yi jinyata. Ta girme ni da shekara shida, a Kalmalo take aure, mijinta masunci ne. Tun ranar da aka shiga da ni ɗakin aiki ta baro gidanta, ta kwana a tabarma a gefen gadona, ta biyo ni Illela. Ita ke zubar da ruwan da ke taruwa a 'yar robar da aka maƙala mini a gefen ƙirji, ita ke yi mini wanka, ita ke dama mini kunu. Babu abin da zan faɗa a nan da zai rage wannan alheri.

Ranar da muka iso gida ta ɗauko gyale ta naɗe mini hannun dama ta haɗa shi da jikina, kamar yadda ake yi wa wanda ya karye.

Na ce, "Yaya, kamar an ce in riƙa motsa shi."

Ta ce, "Wa ya ce? Ɗinki na, Balki. In ya ɓalle wa za shi mai da shi? Zamna. Mi kike biɗa, faɗi in ɗauko maki."

Na zauna. Gaskiya ma zaman ya yi mini daɗi, domin duk lokacin da na motsa kafaɗa sai in ji kamar fatar ƙirjina za ta yage. Mako biyu na farko ko kofi ba ta bari na ɗauka ba. Da aka koma aka cire robar da zaren ɗinki, a mota ta sake ɗaure ni tun kafin mu kai Gwadabawa.

A waɗannan kwanaki hannun ya fara nuna halinsa. Bayan damtsena ya mutu, in na tsunkule shi ba na ji, amma kuma idan hannun riga ya goge shi sai in ji kamar an watsa mini barkono. Wani lokaci kamar tururuwa ke tafiya daga hammata zuwa gwiwar hannu. Wani lokaci in ji ƙaiƙayi a kan nonon da babu shi, in kai hannu in sosa iska. Wannan ban faɗa wa kowa ba, kada a ce ciwon ya taɓa mini kai.

Masu dubiya kuwa ba su yanke ba. Allah Ya ba su lada, amma wasu irin zaman da suke yi da irin kallon da suke yi mini, ta'aziyya ce kawai ba a buɗe ba. Su sunkuyar da kai, su yi ajiyar zuciya, su ce, "Sai haƙuri." Wata da na yi wa kitso shekara goma, da aka kawo mata ruwa a kofin gidana sai ta ce azumi take yi, alhali ga goro a kumatunta.

A mako na huɗu na ce yau ni zan ɗaura kallabina da kaina. Yaya Hajo ta fita sayen kayan miya, na kwance gyalen, na ɗaga hannu. Bai wuce kafaɗa ba ya tsaya cak, wani abu ya fizge ni daga hammata har zuwa wuyan hannu, sai da na saki ƙara. Na je gaban madubi na ɗan buɗe hannun. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Wata jijiya ce a miƙe a ƙarƙashin fata, siririya, a ɗaure tamau kamar igiyar shanya, ta fito daga hammata ta bi cikin damtse ta nufi gwiwar hannu. Na taɓa ta da yatsa, tauri gare ta.

Na zauna a bakin gado na ce shi ke nan, dajin ya yi saiwa ya shiga hannu.

Da Yaya Hajo ta dawo ta gani, ta riƙe baki. Kafin la'asar unguwa ta ji. Wata ta ce akwai wani mutum a Konni mai man shafawa da ke narkar da jijiya. Wata ta ce a dafa ganye a gasa wurin da ruwa mai zafi. Yaya Hajo ta yanke nata hukuncin.

"Mataccen jini na ya kwanta. Ƙaho za a yi, a tsotse shi, ki huta."

Na ce a bari mu koma asibiti tukuna. Ta ce saura kwana goma ranar komawa, kafin nan jinin ya daskare. Maigidana Malam Isa yana kasuwar albasa a lokacin, ba ta jira shi ba. Washegari da hantsi sai ga Baba Ɗanjumma wanzami da zabirarsa, ya zauna a tsakar gida ya fara fito da ƙahonni yana jerawa.

Ina kallon askarsa wata magana ta faɗo mini. Kwana ɗaya kafin a sallame ni, wata ma'aikaciya ta zo auna mini jini ta kama hannun dama, sai babbarsu ta tsayar da ita daga nesa. Ta ce ban da wannan hannun, an cire mata kaluluwa, a kiyaye shi daga allura da yanka, ko ƙaya ce kada ta soke shi. Ba da ni take magana ba, amma na ji.

Na ce, "Baba, kai ka yi wa 'ya'yana askin suna, ina ganin girmanka. Amma askarka ba za ta taɓa hannun nan ba."

Yaya Hajo ta ce, "Balki, ba ki da kunya? Dattijo ya taso tun daga gidanshi."

"Zan ba shi haƙuri. Hannun dai ba za a tsaga ba."

"To ki zamna da shi hakanan har ya shanye!"

Na ce, "In zai shanye ya shanye a jikina. Na ba da nono, ba zan ƙara da hannu ba."

Na faɗa wa Baba Ɗanjumma abin da na ji a asibiti. Ya ce in ɗaga ya gani. Ya daɗe yana kallon jijiyar bai taɓa ba, sannan ya fara mayar da ƙahonninsa cikin zabira. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki bai taɓa ganin irinta ba, kuma abin da bai sani ba ba ya sa masa aska. Ya yi mini addu'a ya tafi. Har yau ina gode wa wannan dattijo. Yaya Hajo kuwa ranar ba ta ci abinci tare da ni ba.

Komawarmu Sakkwato ta zo a mako na shida. Wannan karon wani asibitin aka tura ni, inda ke da injin haske, wanda ake haska wurin aikin da shi domin a ƙone duk abin da ya yi saura na ciwon. Malam Isa ya riga ya sayar da albasar da ya tanada tun ba ta yi daraja ba, saboda wannan tafiya. Ni da Yaya Hajo muka fito bayan sallar asuba, muka isa muka tarar da layi har waje. Akwai mutanen Zamfara, akwai na Kebbi, akwai wasu daga Nijar da ke kwana a harabar asibitin. Sai bayan azahar aka kira ni.

Ranar awo za a yi, a sa alama a jiki inda hasken zai bi. Aka kwantar da ni a kan wani gado mai tauri. Ma'aikacin ya ce in ɗaga hannu sama da kaina in kama wani ƙarfe. Na ɗaga, ya tsaya a kafaɗa. Ya ce in ƙara. Na ciji leɓe na ja har hawaye ya zubo mini cikin kunne. Tsakanina da ƙarfen nan ya fi kamu biyu.

Ya ce, "Hajiya, idan hannun bai kauce ba, hasken ba zai sami wurin ba. Ba zan iya yi miki awo haka ba."

Aka mayar da ni wurin likita. Na buɗe masa hammata na ce, "Likita, kada ka ɓoye mini. Dajin ne ya bi hannu?"

Ya taɓa jijiyar ya ce, "A'a. Wannan kodin ne."

Na ce, "Wallahi ban taɓa sha ba."

Sai da ya cire tabarau saboda dariya. Ya ce ba maganin tarin da matasa ke sha yake nufi ba, wata kalma ce tasu mai nufin igiya. Ya ce idan aka cire kaluluwa, ƙananan hanyoyin ruwa da ke hannun kan taurare su ɗaure kamar zare, kuma mata da yawa na samun haka. Ba daji ba ne. Sannan ya tambaye ni ko ina motsa hannun. Na ce a ɗaure yake tun da muka koma gida. Ya kalli Yaya Hajo, ya kalle ni. Ya ce ya ba ni mako uku. Idan na dawo hannun ya kai, za a yi awo. Idan bai kai ba, dole a ba wani gurbina, in sake bin layi, kuma jinkiri ba alheri ba ne ga irin ciwona.

Daga nan ya tura ni sashen masu gashin ƙashi, wurin wata mata mai suna Sista Asabe. Ita ce mutum ta farko da ta zauna ta yi mini bayani da Hausa ba tana kallon agogo ba. Ta kwantar da ni, ta sa yatsu a kan igiyar tana ja a hankali tana murzawa. Ta tsayar da ni a gaban bango ta ce in ɗora yatsu in riƙa tafiya da su sama kamar gizo-gizo, inda ya ja in tsaya in yi numfashi sau biyar, sannan in sauko. Ta nuna mini yadda zan kwanta rigingine in riƙe sanda da hannu biyu, mai lafiyar ya ja marar lafiyar zuwa sama. Ta ce tabon aikin ma in riƙa murza shi da mai kada ya manne da ƙashi.

Ta ce, "Ciwo iri biyu ne, Hajiya. Akwai na ja, kamar ana miƙe roba, wannan ki daure masa. Akwai na suka kamar wuƙa, wannan ki tsaya. Ki sha maganin ciwo kafin ki fara, ba jarumta ba ce ƙin sha."

Ta sa aka rubuta mini wani magani na daban saboda zafin barkonon da ke damtsena, ta ce jijiyar ji ce aka taɓa wurin aiki. Ta ba ni lambar wayarta.

Muna fitowa na cire gyalen daga jaka na miƙa wa Yaya Hajo na ce ta yafa abinta.

Washegari na zaɓi bangon da ke fuskantar ƙofar gida, na nemi gawayi. Inda yatsuna suka tsaya na ja layi. Bai wuce tsayin hancina ba. Sau uku a rana nake yi, bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar. Kwana ukun farko ina yi ina kuka, layin bai motsa ba. A na huɗu ya ƙaru da faɗin yatsa ɗaya.

Da gangan na zaɓi wannan bangon. Na gaji da kwanciya a ɗaki ana shigowa ana yi mini kallon gawa. Duk mai dubiyar da ta yi sallama, abin da za ta fara gani shi ne ni a tsaye, fuska ga bango, ina hawa da yatsu. Na ji labarin an ce Balki ta zautu, tana bin bango kamar ƙadangare. Da wadda ta faɗa ta zo, na ce mata ta matso kusa ta ga ƙadangaren da kyau, ta kuma tanadi gashinta domin ni zan yi mata kitson Sallah.

Malam Isa ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya yi shi ne ya yanko mini sandar dogonyaro ya kankare ta sumul don kada ta soke ni. Idan ya dawo daga kasuwa kafin ya zauna sai ya je ya duba bangon.

Da Yaya Hajo ne abin ya ƙi. Duk lokacin da na tsaya a bango sai ta shige ɗaki. Rana ta shida ina kwance a tabarma ina jan sanda, na yi nishi mai ƙarfi, ta fito da gudu ta fizge sandar ta yi jifa da ita.

"Kashe kanki za ki yi a gabana?"

"Yaya, ba ni sandata."

"Ba ni ba ki! Ke ba ki san komi ba. Shekararki tara lokacin Inna. Ni na gani."

Na san mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, an ce mini ciwon ajali ne, ban taɓa tambaya ba.

Ta zauna a ƙasa ta ce, "Nono na ya kashe ta, irin naki. Ta ɓoye har ya fashe. Kuma ba ta zamna ba, daka take, ɗibar ruwa take. Hannunta ya kumbura ya yi kamar turmi. Ni ke wanke mata shi, ina ɗiya 'yar shekara sha biyar. Kullum ina cewa da ta huta da hannun da ba ta mutu ba. Yanzu ke ma in zuba ido?"

A nan na gane abin da ya sa take ɗaure ni. Tausayinta ya kama ni. Amma na san idan na sassauta ranar, na rasa gurbina.

Na ce, "Yaya, Inna ba daka ya kashe ta ba. Ba wanda ya duba ta, ba wanda ya cire mata ciwon. Ni an cire mini. Abin da ya rage in ɗaga hannun nan in kama ƙarfe. Allah Ya jiƙan Inna, amma ni ba zan bi ta ta wannan hanya ba. Ki taimake ni, ko ki bar ni in yi."

Malam Isa yana bakin ƙofa, ashe ya ji. Ya ɗauko sandar ya ajiye kusa da ni ya ce, "Yaya Hajo, ki yi haƙuri. Jikinta na."

Da yamma ta haɗa kayanta ta hau babur zuwa Kalmalo. Ban hana ta ba. Na yi kuka bayan ta tafi, sannan na tashi na yi na la'asar da ban yi ba.

Zan faɗi wautar da na yi, kada wata ta maimaita. Da na ga layin ya wuce goshina, sai na ji kamar na warke. Na je rijiya na ja guga biyar da hannun, na dawo na yi wanki. Washegari hannun ya yi nauyi, zobena ya ƙi fita, bayan hannun ya kumbura sumul. Na kira Sista Asabe. Ta tambaye ni ko ya yi ja, ko ya yi zafi, ko ina zazzaɓi. Na ce a'a. Ta ce da akwai ɗaya daga cikin waɗannan da ta ce in hau mota yanzu. Sannan ta wanke ni tas.

"Na ce ki miƙe hannu, ban ce ki zama jaki ba. Taurin kai a bango yake da amfani, ba a bakin rijiya ba."

Ta ce in ɗora shi a kan matashi sama da ƙirjina, in riƙa dunƙule yatsu ina buɗewa, in cire zobe da warwaro. Kwana biyu na rasa kafin ya saɓe. Na koma bango ina jin haushin kaina.

Ana saura kwana biyar, ina jan sanda, na ji wani ɗan ƙas a cikin hammata, kamar zare ya tsinke. Na saki sandar na dafe wurin ina jiran jini. Babu jini, babu ma ciwo. Na sake kiranta, ta ce igiyar ce ta saki, ba abin tsoro ba ne. Na tashi na je bango. Yatsuna suka wuce layin jiya da kusan tafin hannu. Na tsaya a wurin ina ta maimaita alhamdu lillahi.

Ranar komawa ni da Malam Isa muka je. Aka kwantar da ni a kan gadon nan, ma'aikacin ya ce in ɗaga. Hannun ya tafi yana rawa, ya wuce kafaɗa, ya wuce kunne, yatsuna suka taɓa ƙarfen, na damƙe shi. Yana ja kamar zai tsage, amma na ce ko za a kwana a nan ba zan saki ba. Ya gama awonsa ya sa mini alamomi. Da ya ce in sauke, sai da ya taimaka mini ya ɓamɓare yatsun.

Makonnin hasken a gidan wata 'yar'uwar Malam Isa na zauna a Sakkwato. Fatar ƙirjina ta yi baƙi ta yi zafi, kuma hannun ya sake ɗaurewa, wanda da ba a gargaɗe ni ba da na ce aikina ya tashi a banza. Na ci gaba da miƙe shi a bangon mutane. Bayan na dawo Illela da wata biyu na yi kitsona na farko, shuku, na ɗauki yini guda a abin da da nake gamawa kafin azahar. Yanzu kai biyu nake yi a rana, ina hutawa a tsakani, ina sa safar hannu ta roba da aka auna mini. Wasu da nake yi wa kitso sun dawo, wasu har yau tsoron hannuna suke. Su suka sani.

Ga wadda za a yi wa irin aikina, kada ki bar asibiti sai an nuna miki da hannu yadda za ki motsa kafaɗarki da ranar da za ki fara, ko da ana jiran gadon. Ki tambaya har a gaji da ke. Kada ki yarda a ɗaure miki hannu, kada a tsaga shi, kada a gasa shi da ruwan zafi. Idan kin ga igiya a hammata ki je a duba, amma kada ki yanke wa kanki kabari. Ni har yanzu bayan damtsena a mace yake, kuma kowace safiya hannun a ɗaure yake tashi sai na miƙe shi. Na karɓi wannan.

Yaya Hajo ta yi wata huɗu ba ta taka gidana ba, sai dai ta aiko da busasshen kifi. Wata safiya ina shara sai ga ta, ba ta ko zauna ba ta ja ni ɗaki ta saki labule. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu.

"Taɓa nan. Mi kinka ji?"

Na ji shi, ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce wata biyu, ko mijinta bai sani ba.

Na ce, "Gobe za mu Sakkwato."

"Balki, ina tsoro."

"Ni ma na ji tsoro. Da tsoron za mu tafi."

Muka bi layi tun safe. Da aka kira sunanta ta damƙe mini damtsen dama, daidai inda ya fi zafi, ban janye ba, muka shiga tare. Aka ɗebi ɗan nama don gwaji, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Bayan mako biyu muka koma, likita ya ce ƙari ne marar daji, za a cire shi a sallame ta a ranar.

Muka hau motar dawowa har muka wuce Kware. Can ta matso kusa da kunnena ta ce, "Kada ki faɗa wa mutanen Kalmalo na yi kuka."

Na ce, "Zan faɗa, Yaya. Har rubutawa zan yi."

Ga shi na rubuta.